Sojojin da suka ƙi karɓar albashi wata 18: jarumta ce ko wauta?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni amma sai na ɗan yi shimfiɗa tukuna. A yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu masu riƙe da bayi, akwai wata rundunar sojan ƙasa ta 'yan sa-kai da ake ce wa Runduna ta 54 ta jihar Massachusetts. Baƙar fata ne zalla, hafsoshinsu ne kawai Turawa. Gwamnan jihar, John Andrew, shi ya tsaya kai da fata aka kafa ta a farkon 1863, bayan shugaban ƙasa Lincoln ya yi shelar 'yanta bayi ranar 1 ga Janairu. Lokacin ɗaukarsu an ce musu albashinsu ɗaya da na farar fata, dala 13 a wata. Da suka isa bakin daga sai mai biyan kuɗi ya zo musu da dala 10, a cikin goman ma za a cire 3 kuɗin kaki, saura 7 kenan. Mutanen nan suka ce ba sa karɓa. Kuma ba yajin aiki suka shiga ba fa, ba su ajiye bindiga ba, yaƙin suka ci gaba da yi ana kashe su, amma ko sisi ba su taɓa ba har kusan wata 18. To ni dai tun jiya nake juya abin a raina, jarumta ce wannan ko wauta?

Ɗan Kantin Kwari: Wa alaikumus salam Malam. Wauta ce mana, ai ba sai an yi dogon turanci ba. Da babu gara ba daɗi. Ka karɓi bakwai ɗinka ka aika gida, sannan ka ci gaba da bin bashin sauran shidan, haka kowane ɗan kasuwa yake yi. Wanda ya biyo ka da rabin kuɗinka ai ba ka korarsa

Maman Ilham: Ni fa matansu nake tunani wallahi. Shi yana can yana taurin kai an ba shi abinci a bariki, ita tana gida da yara ba kuɗin haya ba na itace ga sanyin ƙasar nan tasu, wa ya tambaye ta ko ta yarda da wannan jarumtar? Maza kun iya yanke hukunci da cikin wasu.

Malam Habu: Hajiya maganarki gaskiya ce, iyalan sun sha wuya sosai, wasiƙun kuka suka riƙa zuwa sansani daga gida. Wannan ba a ɓoye yake ba.

Baba Saje: Bari in sa baki tunda harkar tamu ce, shekara 22 na yi cikin kaki. Ɗan Kwari, yarona, albashin soja ba cinikin atamfa ba ne. Ranar biya layi ake yi, a kira sunanka, ka sa hannu a takarda. Ranar da ka sa hannu a gaban dala 7 ka rubuta da hannunka cewa jininka rabin na wancan ne, kuma takardar nan ita za a ɗauko gobe a nuna maka a ce ai ka yarda. Dala 10 ɗin nan ma ai kuɗin lebura ne a dokar da suka fake da ita, ba na soja ba. Wato ana ce musu ku ba sojoji ba ne, masu haƙa rami ne da aka ba aron bindiga.

Ɗan Kantin Kwari: Baba Allah ya ƙara girma, amma takarda ake ci?

Malam Habu: Tsaya ma ka ji wadda za ta fi ba ka haushi. Wajen ƙarshen 1863 majalisar jihar Massachusetts ta amince ta cika musu gibin daga aljihun jiha, aka turo mutane da kuɗin har sansaninsu a Karolina ta Kudu. Suka ce a mayar. Hujjarsu ita ce gwamnatin tarayya ta ɗauke su, ita za ta biya su daidai da kowa, ba sa son ciko ta bayan gida kamar sadaka.

Ɗan Kantin Kwari: Kai! Kuɗi ya zo har ƙofa cif cif dala 13 a ce a mayar? To wannan kam ya wuce wauta ya zama girman kai

Baba Saje: Ni kuma nan ne suka burge ni. Don da kuɗin suke so da magana ta ƙare a nan.

Ummu Sadiq: Ku yi haƙuri ni ban san labarin ba sam, wai wane yaƙi ma suka yi da ake ta zuzuta su? Ko dai rigimar albashin ce kawai

Malam Habu: Yawwa, gara da kika tambaya. An horar da su a wani sansani a Readville kusa da Boston, mutum dubu da 'yan kai. Baƙar fatan Massachusetts a lokacin ba su kai dubu goma ba gaba ɗaya, don haka sai da aka bi jihohi ana nema, Pennsylvania, New York, Ohio, har daga Kanada wasu suka zo. Frederick Douglass, wanda shi kansa tsohon bawa ne da ya gudu, yana cikin masu yawon kiran mutane, kuma bai tura 'ya'yan wasu ya ɓoye nasa ba, 'ya'yansa biyu Lewis da Charles sun shiga. Kwamandansu Kanar Robert Gould Shaw, yaro ne ɗan shekara 25, ɗan masu kuɗin Boston masu adawa da bauta, da farko ma ƙin karɓar muƙamin ya yi sannan ya sake shawara. Ranar 28 ga Mayu 1863 suka yi fareti a titunan Boston suka hau jirgin ruwa zuwa Kudu.

Abin da ya fito da sunansu shi ne 18 ga Yuli 1863, harin ganuwar Wagner a tsibirin Morris, bakin shiga tashar jiragen ruwa ta Charleston. Ku kwatanta wurin a ranku: ganuwa ce ta yashi da katako, gabanta rami mai ruwa, hanyar isa gare ta guda ɗaya ce, wani siririn gaɓar yashi, teku a dama fadama a hagu, in ruwa ya cika ma sai ka taka cikinsa. Wuni guda jiragen yaƙi da igwa suna ta luguden wuta a kan ganuwar, manyan suka ɗauka ai an gama da na ciki, ashe mutanen sun shige ɗakin ɓuya a ƙarƙashin yashi suna jira, su kusan 1,700. Su kuma 'yan 54 kwana biyu kafin nan sun yi artabu a tsibirin James, suka kwana biyu suna tafiya cikin ruwan sama da taɓo ba barcin kirki ba abincin kirki. Da magariba aka sa su gaba, su wajen 600, aka ce a ruga. Sun kai har saman ganuwar aka yi ta sara da suka hannu da hannu, a nan aka harbe Shaw ya faɗi. Kafin dare ya raba an rasa kusan 270 cikinsu, matattu da masu rauni da waɗanda aka kama. Hafsoshi sun ƙare har sai da wani ƙaramin kyaftin, Luis Emilio, ya zama shi ne babba da ya tattara sauran.

Ummu Sadiq: Innalillahi. To sun ci ganuwar dai?

Malam Habu: Ina! Ba su ci ba. Sai a Satumba 'yan Kudu suka gudu suka bar ta da kansu bayan an yi musu ƙawanya kusan wata biyu.

Ɗan Damagaram: To kun gani. Ni dama tun da Malam ya fara na san inda za a je. An sa baƙaƙe a gaba ne su sha harsashi Turawa su biyo baya, abin da Faransa ta yi da kakanninmu kenan a yaƙin duniya, babu wani sabon abu. Ana yabonka ana tura ka rami

Barista: Ɗan'uwa a wannan karon zargin bai zauna daidai ba. Shaw da kansa ya rubuta wa Janar George Strong, babban da yake samansa, yana ƙorafin an bar mutanensa a baya ba a sa su yaƙi tare da sauran, kuma ranar harin tayin shiga gaba aka yi masa ya ce ya karɓa. Sannan rundunonin Turawan da suka biyo bayansu su ma an yi musu kaca-kaca, jimillar asarar 'yan Arewa a daren ta haura 1,500, na cikin ganuwar kuwa ba su kai 200 ba. Shi kansa Janar Strong raunin da ya samu a wurin ne ya yi ajalinsa. Idan za ka zargi manyan, zarge su da rashin lissafi, sun tura dubban mutane ta hanyar da ba ta fi faɗin layin unguwa ba. Amma a wancan zamanin shiga gaba girmamawa ce, kuma abin da ake faɗa a kan baƙar fata shi ne ba za su iya tsayawa gaban wuta ba, da sun ji igwa za su watse. Wannan bakin suke so su rufe.

Ɗan Damagaram: Wato sai ka mutu sannan a yarda kai mutum ne. Barista wannan ai shi ne abin da nake faɗa, ka dai sa masa riga ne

Barista: Ban musa maka wannan ba.

Baba Saje: Duk sojan da ya taɓa jin harsashi ya wuce kunnensa ya san mutum 600 ba sa rugawa cikin irin wannan wuta don dala 13 balle 7. Akwai wani sajensu da ya ɗauki tuta bayan mai riƙe da ita ya faɗi ko? Malam tuna min sunansa

Malam Habu: William Carney, Baba. An haife shi cikin bauta a Norfolk ta Bajiniya. Ya kai tutar har jikin ganuwa, aka harbe shi wuri fiye da ɗaya, ya dawo da ita da rarrafe yana ce wa 'yan'uwansa ba ta taɓa ƙasa ba. Lambar girma mafi daraja ta sojan Amurka kuwa sai a 1900 aka ba shi, shekara 37 bayan abin.

Baba Saje: Hmm. Shekara 37. Ashe jiran haƙƙi ba a kanmu aka fara ba, ni ma sai da na yi shekara huɗu ina safa da marwa da fayil a hammata kafin kuɗin sallamata ya fito, kullum a ce oga ba ya nan. Bari dai in yi shiru.

Barista: Ƙarin gyara kaɗan don na ga ana yawan faɗa a wasu wurare cewa su ne baƙar fata na farko da suka yi yaƙi a ɓangaren Arewa. Ba haka ba ne. Wata runduna daga Kansas ta yi faɗa a Island Mound tun Oktoba 1862, na Luwiziyana sun kai hari Port Hudson a Mayu 1863, ga kuma Milliken's Bend a Yuni. Abin da ya bambanta ta 54 shi ne idon jaridun Arewa yana kanta, kuma 'ya'yan manya ne hafsoshinta. Haka wani fim da aka yi a kansu ya sa mutane suna zaton yawancinsu bayi ne da suka gudo daga gonakin auduga, alhali akasarinsu 'yantattu ne mazauna Arewa, masu sana'a, manoma, masu aski, ma'aikatan jirgin ruwa, da yawa sun iya karatu da rubutu. Shi ya sa ma rigimar albashin ta yi ƙarfi, sun san abin da aka yi musu alkawari kuma sun iya rubuta wa jarida da shugaban ƙasa.

Maman Ilham: To Barista wannan ya ƙara min haushi ma. Mutum yana zaune da sana'arsa da 'yancinsa ya bar iyali ya tafi inda in an kama shi za a sayar da shi

Barista: Kin taɓo wurin Hajiya. Tun Disamba 1862 Jefferson Davis shugaban 'yan Kudu ya yi shelar cewa baƙin da aka kama da makami ba fursunan yaƙi ba ne, za a miƙa shi ga jiha a yi masa hukuncin bawa mai tawaye, majalisarsu kuma ta ƙara da cewa hafsoshinsu Turawa hukuncin kisa ne. Da sanin wannan suka sa hannu. Sai bayan Wagner, 30 ga Yuli, Lincoln ya fitar da umarnin ramuwa, in kun kashe namu mu kashe naku.

Ummu Sadiq: Gawar shi Kanar ɗin fa, an mayar wa iyayensa?

Malam Habu: A'a. Al'ada ita ce a mayar da gawar babban hafsa, amma shi sai suka jefa shi rami ɗaya da sojojinsa don wulaƙanci. Da aka zo ana maganar tono shi, mahaifinsa ya rubuta ya ce kada a taɓa, a bar shi tare da mutanensa.

Ɗan Damagaram: Wannan tsohon kam na sara masa.

Auwal Injiniya: Ina ta karatu ban ce komai ba, amma kada a mai da su mala'iku. Ba su ne suka ƙona wani gari ba a Jojiya?

Malam Habu: Darien, 11 ga Yuni 1863, tun kafin Wagner. Gari ne da mutanensa suka riga suka gudu, aka kwashe kaya aka cinna masa wuta. Umarnin na Kanar James Montgomery ne wanda ya fi Shaw girma a wannan fitar, Shaw ya nuna bai yarda ba ya kuma rubuta ƙorafi sama, amma dai an yi da su a wurin, wani kamfani nasu ya sa hannu. Jaridun Kudu suka samu abin yayatawa.

Auwal Injiniya: To shi kenan, a riƙa faɗa duka.

Ɗan Kantin Kwari: Ni fa har yanzu ba a ba ni amsa ba. In abin zuciya ne me ya sa ba su ajiye bindigar ba gaba ɗaya, ba biya ba aiki? Wannan shi ne yaren da gwamnati take ji. Amma ka ƙi kuɗi kuma ka yi aikin, ai riba biyu ka ba su

Baba Saje: Yaro a soja wannan sunansa bore, kuma maganinsa harsashi.

Barista: An ma yi. Wani Saje William Walker na wata rundunar baƙar fata ta Karolina ta Kudu ya ja mutanensa suka jingine bindigogi a ƙofar tantin kwamanda kan wannan maganar albashin, kotun soja ta zauna, aka bindige shi a Fabrairu 1864. To ka ga siririyar hanyar da 'yan 54 suka bi. Babu dokar da ta ce dole ka karɓi albashi, amma akwai wadda ta ce dole ka bi umarni. Sai suka bi umarni suka bar gwamnati da kunyar tana da sojoji suna mutuwa kyauta. A watan nan na Fabrairu ma, ranar 20, aka yi yaƙin Olustee a Fulorida, aka fatattaki 'yan Arewa, 'yan 54 ne aka turo suka tare baya sauran suka samu suka janye. Suna shiga suna kirari da “dala bakwai a wata”, wato gatse. Bayan nan jirgin ƙasan da ya ɗauko masu rauni ya lalace a hanya, suka ɗaura masa igiyoyi suka ja shi da hannu kusan mil uku kafin a samo dawakai.

Ɗan Kantin Kwari: Su ja jirgi da igiya, a kan bashi. Allah ya kyauta

Maman Ilham: Kai Ɗan Kwari ka ban dariya ba shiri

Yerima Bulama: Salamu alaikum, yanzu na shigo na ga abin da ake. Malam Habu ka bar babban zance a baya, akwai ɗan ƙasarmu a cikin wannan labarin. Mutanen da suka zo shiga ta 54 sun yi yawa har aka buɗe ta 55, ƙanwarta, su ma sun ƙi karɓar albashin. A cikin ta 55 akwai Muhammad Ali bin Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa, ɗan Barka Gana babban kwamandan yaƙin Shehu Laminu. Yana yaro Buzaye suka kama shi, aka bi da shi Katsina, aka wuce Zinder, aka ƙetara Sahara zuwa Murzuk da Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan ya faɗa hannun manyan Rasha ya zaga Turai da su, ya iya harsuna barkatai. A 1860 ya ƙetara zuwa nahiyar Amurka, ya yi koyarwa a Detroit, 1863 ya shiga soja har ya kai saje.

Ɗan Damagaram: Tsaya tsaya. Ta Zinder aka bi da shi? Wato ta ƙofar gidanmu

Yerima Bulama: Ta nan fa, ku kuka ga wucewarsa ba ku ce komai ba, sai ku biya mu diyya.

Ɗan Damagaram: Ku da Katsinawa ku fara sasantawa tukuna, mu hanya ce kawai

Malam Habu: Wallahi Yerima ka ƙare ni, ban haɗa shi da wannan rundunar ba sai yau. Mutumin da aka sayar a kasuwa tun yana yaro, ya samu 'yancinsa, ya ga Turai, sannan ya zo ya ɗauki bindiga a ƙasar da ba tasa ba, kuma aka ce masa shi ma dala 7.

Yerima Bulama: Abin da ya fi ɗaure min kai, ya rubuta tarihin rayuwarsa aka buga a Memphis a 1873, ya ba da labarin Borno da Sahara da Rasha dalla-dalla, amma aikin sojan nan ko kalma ɗaya bai sa ba. A Kudu yake zaune lokacin yana koyarwa, cikin mutanen da ya yaƙa.

Baba Saje: Ai ba sai an gaya maka dalili ba. Mai son kwana lafiya ya san abin da zai bari a ciki.

Ummu Sadiq: To a ƙarshe an biya su ko haka suka tashi a tutar babu?

Barista: An biya. A Yuni 1864 majalisar tarayya ta daidaita albashin, amma da wata ƙura a ciki: cikakken bashi tun daga ranar shiga sai wanda yake ɗa ne ba bawa ba a ranar 19 ga Afrilu 1861. To akwai tsofaffin bayi a cikinsu, kenan za a raba kansu. Sai Kanar Edward Hallowell, wanda ya gaji Shaw, ya tsara musu wata rantsuwa mai wayo, kowa ya rantse cewa a wannan ranar babu mutumin da yake da haƙƙin sa shi aiki ba lada. Wanda ya taɓa zama bawa ma zai iya rantsewa da zuciya ɗaya, don a wurinsa dama ubangidan ba shi da wannan haƙƙin. Ƙarshen Satumba 1864 aka biya su. Suka ci gaba da yaƙi, Honey Hill a Nuwamba, Boykin's Mill a Afrilu 1865, aka sallame su a Agusta. Zuwa ƙarshen yaƙin baƙar fata kusan 180,000 ne suka sa kakin sojan ƙasa na Arewa.

Ɗan Kantin Kwari: To alhamdulillahi kuɗi ya fito. Amma waɗanda suka mutu a Wagner da Olustee fa, su ba su ga ko dala ɗaya ba. Ni dai ina nan kan bakata, da ni ne da na karɓi cikon da jiha ta kawo

Maman Ilham: Ni kuma na ɗan sauko amma ba duka ba. Na gane abin da suke karewa, sai dai a duk labarin nan an kira sunan kanar, an kira na saje, har na gwamna, matar da ta riƙe gida wata 18 ba ko sisi ba a kira nata ba.

Baba Saje: Hajiya wannan kam ba ni da amsarsa. Tawa matar ma da tana zauren nan da ta goya miki baya.

Auwal Injiniya: Yerima don Allah in kana da hoton shi Sa'id ɗin ka saka mana, ina so in nuna wa tsohona, shi ɗan Kukawa ne ta wajen uwa

Yerima Bulama: Akwai wanda aka ɗauke shi cikin kaki, bari in duba wayata bayan la'asar.